Dabarar Sarki Asa Ta Yi Aiki, To Me Ya Sa Allah Ya Tsauta Masa?

Karatu: 2 Tarihi, sura 14 zuwa 16



Da wuya a sami wanda ke riƙe da wannan ɗan littafi yau da ba shi da abin da ke hana shi barci. Wani kuɗin haya ne, mai gida ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Wata ta shekara bakwai da aure ba haihuwa, dangin miji sun fara ƙananan maganganu. Wani ya gama makaranta, ya yi bautar ƙasa, takardu suna kwance a akwati. Kuma kowa yana da ƙofar da yake bugawa idan abu ya ɗaure. Wani bashi yake ci. Wani babban mutum yake nema ya sa masa baki. Wani yakan bi dare zuwa gidan boka, gari ya waye ya zo sujada da Littafi a hammata. Wani kuma ya kulle ɗaki ya ce shi azumi kaɗai ya sani. In ka tambaye su wace hanya ta fi, bakinsu ɗaya: wadda ta yi aiki. Wannan ma'aunin nake so mu duba yau, domin akwai wani sarki a Littafi Mai Tsarki wanda dabararsa ta yi aiki sarai, amma Allah ya aiko masa da tsautawa.

Asa sarkin Yahuza ba mugun mutum ba ne, a riƙe wannan tun farko. Ya rushe bagadan gumaka. Har Ma'aka, uwar sarki, ya tuɓe daga matsayinta saboda gunkin da ta yi. Lokacin da ƙasa ke zaune lafiya bai kwanta barci ba, ya gina birane masu garu da hasumiya da ƙofofi, ya shirya sojoji 300,000 daga Yahuza da 280,000 daga Biliyaminu. Sai ga Zera mutumin Habasha ya taso masa da mayaƙa miliyan ɗaya da karusai 300, ya iso Maresha. Ka yi lissafin da kanka: kusan mutum biyu ga kowane sojan Asa ɗaya, ga kuma karusai. Asa ya fita da rundunarsa, ya ja dāga a kwarin Zefata, sa'an nan ya yi kira ga Ubangiji. Addu'ar gajeriya ce, aya ɗaya tak, sura 14 aya 11. Abin da ke cikinta shi ne, taimakon marar ƙarfi ba abu ne mai wuya ga Allah ba, kuma su a kansa suka jingina. Ubangiji ya fatattaki rundunar Zera, mutanen Yahuza suka kore su har Gerar, suka komo Urushalima da ganima mai yawa.

Shekaru suka wuce. A sura 16 wata matsala ta taso, wadda ba ta kai ta farko girma ba ko kusa. Ba'asha sarkin Isra'ila ya zo ya fara gina Rama, wani gari kamar kilomita 8 arewa da Urushalima, a kan babbar hanya. Niyyarsa ya toshe hanyar, kada kowa ya shiga ko ya fita wurin Asa. Akwai dalili: sura 15 ta gaya mana mutane da yawa daga Ifraimu da Manassa da Saminu suna ta ƙaura zuwa wurin Asa domin sun ga Allah yana tare da shi. Wato albarkar Asa ce ta jawo masa wannan maƙiyi.

Me Asa ya yi a wannan karo? Ka karanta sura 16 daga aya 1 zuwa 6, ba za ka ga inda ya durƙusa ba. Ya buɗe taskar Haikalin Ubangiji da ta fada, ya kwashi azurfa da zinariya, ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya a Dimashƙu, ya roƙe shi ya warware alkawarin da ke tsakaninsa da Ba'asha. Ben-hadad ya karɓi kuɗi, ya tura shugabannin yaƙinsa suka bugi Iyon da Dan da Abel-mayim da biranen ajiya na Naftali. Da Ba'asha ya ji wuta ta kama a bayan gidansa, sai ya bar aikin Rama ya koma. Asa ya tara mutanen Yahuza suka kwashe duwatsu da katakon da Ba'asha ya tara, ya gina Geba da Mizfa da su.

Ku faɗi gaskiya, 'yan'uwa, wannan ba gwaninta ba ce? Nassi bai ambaci sojan Yahuza ko ɗaya da ya mutu ba. Hanya ta buɗe. Kayan ginin maƙiyi sun zama nasa kyauta. Da a zamaninmu ne, da an ce ba a taɓa sarki mai basira irinsa ba, wataƙila ma ya fito gaban ikilisiya ranar Lahadi ya ba da shaida, mu kuma mu tafa masa.

Sai ga Hanani maigani a ƙofar fada. Ya tuna masa da Habashawa da Libiyawa da karusansu, da yadda Ubangiji ya bashe su a hannunsa domin ya dogara gare shi. Ya ce masa idon Allah yana kewaya duniya yana neman masu zuciya ɗaya gare shi domin ya tsaya musu. Ya ce abin da ya yi wauta ce, kuma daga yanzu yaƙe-yaƙe ba za su rabu da shi ba. Amma maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta aya 7, inda Hanani ya nuna masa cewa rundunar sarkin Suriya ta kuɓuce masa. Ashe Allah yana da niyyar ba shi nasara a kan Suriya ma. Wanda ya kamata ya faɗi a gabansa, shi ya ɗauka haya, ya biya shi, ya ƙara masa ƙarfi. Ka buɗe 1 Sarakuna 20 da surorin da ke biye, ka ga irin azabar da Suriyawa suka yi ta ba jama'ar Isra'ila tsara bayan tsara. Asa ya kori ƙaramar matsala, ya ciyar da babba.

Sa'an nan ka duba da me ya biya. A sura 15 aya 18, Asa da kansa ne ya kawo azurfa da zinariya da kayayyakin da shi da mahaifinsa suka keɓe, ya sa su a gidan Allah. Ranar da ya matsu, hannun da ya ajiye shi ne ya koma ya kwaso. Kowace mafita tana da farashi, kuma ba kullum da kuɗi ake biya ba. Wata da mutuncinta ta biya kafin a ba ta aikin. Wani da gaskiyarsa ya biya, ya rage shekarun haihuwa a takarda, ya ba da na goro a ƙarƙashin tebur. Aikin ya samu, ba a musu. Amma tun daga ran nan wanda ya taimaka maka yana riƙe da igiyarka, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne abin da dabarar ta mai da Asa kansa. Ya husata da Hanani, ya jefa shi kurkuku, a lokacin kuma ya fara zaluntar waɗansu daga cikin jama'arsa. Wannan fa mutumin da ya saurari annabi Azariya ɗan Oded a sura 15, ya ƙarfafa, ya gyara ƙasa. Yanzu ba ya iya jin gyara. Me ya sa? Domin abin ya yi aiki. Da dabarar ta watse masa, da wataƙila ya tuba da wuri. Nasarar ce ta toshe masa kunne.

Ba daga littafi kaɗai na san wannan ba. A farkon shekarun hidimata na shirya taron bishara na fili a wani ƙauye. Kuɗin hayar janareta da lasifika da motar ɗaukar mawaƙa bai cika ba, kwanaki kuma sun matso. Ban gaya wa dattawan ikilisiya ba, domin na san za su ce a ɗaga taron. Ban gaya wa matata ba, domin na san abin da za ta ce. Addu'ar da na yi ta sanarwa ce kawai, na riga na yanke shawara sa'an nan na gaya wa Allah. Na je wurin wani mai ba da kuɗi da ruwa, na sa hannu, na bar masa takardun babur ɗina. Taro ya yi kyau, Halleluya. Mutane suka zo, waɗansu suka karɓi Yesu, har yau akwai masu tsayawa cikin bangaskiya daga wannan taro, domin Allah ba ya hana rayuka ceto saboda wautar bawansa. Amma kowane ƙarshen wata ruwan kuɗin nan yana jirana. Na fara taɓa kuɗin cefane. Na fara kauce wa layin da mutumin yake zama. Na lura wa'azina a kan bayarwa ya yi yawa, kuma ni na san ba Ruhu ne ke tura ni ba, bashi ne.

Wata rana wani dattijo a ikilisiya ya ja ni gefe bayan sujada ya ce, "Mai bishara, ɗana, kuɗin taron nan daga ina ya fito?" Na ce, "Baba, Ubangiji ne ya tanada." Ya dube ni, bai ƙara cewa komai ba. Lahadin da ta biyo na hau mumbari na yi wa'azi mai zafi a kan masu sa ido da masu kushe aikin Allah. Kowa ya ce amin, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ba ni da kurkuku irin na Asa, amma ina da makirufo, kuma da shi na ɗaure Hananina. Sai da na kai wata uku kafin na iya zuwa gidansa na ce, "Baba, na yi maka ƙarya, ka gafarta mini." A daren na gaya wa matata. Ta yi kuka, ba don kuɗin ba, don ɓoyewar. Washegari muka durƙusa tare muka yi addu'ar da ya kamata in yi tun farko. Sa'an nan muka zauna da biro da takarda. Dattijon ya raka ni wurin mai kuɗin, aka yi magana ta manya, ya yarda ya tsayar da ruwan. Na sayar da babur ɗin. Matata ta ɗauki kwasar adashinta ta cika. Na yi fiye da shekara ina zuwa ƙauyuka a motar haya da ƙafa. Ba mala'ikan da ya sauko da jakar kuɗi, amma a ran da na faɗi gaskiya na yi barcin da na manta akwai irinsa.

Da yawa cikinmu sun tuna da MMM. An yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata guda, Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, amma waɗanda suka shiga da wuri sun ga kuɗi a asusunsu da idonsu, wa zai gaya musu? Duk wanda ya ce a yi hattara sai a ce ba shi da bangaskiya ko yana baƙin ciki. A Disamba 2016 aka dakatar da biyan mutane, kuɗin makarantar yara da jarin mata suka maƙale. Cacar ƙwallo a waya da bashin nan da ake ba mutum cikin minti biyar ta manhaja, duk 'yan gida ɗaya ne: da farko su buɗe maka Rama, daga baya su aika wa duk lambobin da ke wayarka cewa kai macuci ne. Boka ma haka. Ba na gardama da wanda ya ce mini ya je kuma ya ga aiki. Masu sihirin Fir'auna ma sun mai da sandunansu macizai. Tambayata ita ce, me ka bari a can, kuma wa zai zo karɓar sauran?

To yanzu sai in juya ga ɗaya gefen, domin na san gidanmu. Wani zai karanta ƙarshen labarin Asa, inda ya kamu da ciwon ƙafa a shekara ta 39 ta mulkinsa, ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba, ya mutu a shekara ta 41, sai ya ce, "Ka gani, zuwa asibiti rashin bangaskiya ne." Ɗan'uwana, ba abin da nassin ya koyar ke nan ba. Laifin Asa ba a wurin da ya je yake ba, a wurin da ya ƙi zuwa yake. Mutumin da ya ɗaure annabi bai warware wannan ba, har ciwo ya kwantar da shi yana jin kunyar ɗaga ido sama. Na binne mutanen da suka zubar da maganin hawan jini bayan taron addu'a, ba wanda ya auna su, ba likitan da ya ce su daina. Na gaskata Yesu yana warkarwa, na ga ya warkar, zan ci gaba da ɗibiya hannu a kan marasa lafiya har ran da ya kira ni gida. Amma in ka gaskata ka warke, je a gwada ka. Shi kansa Ubangiji ya aiki kutaren da ya tsarkake su je firistoci su duba su. Warkarwa ta gaske ba ta tsoron gwaji.

Wanda ya fi nuna mana yadda ake haɗa abubuwan nan shi ne Hezekiya, shi ma sarkin Yahuza, daga zuriyar Asa. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa Yahuza, ya ci biranenta masu garu. Abin mamaki, Hezekiya ya fara da hanyar Asa. A 2 Sarakuna 18 ya amince da harajin talanti 300 na azurfa da talanti 30 na zinariya, ya kwashe azurfar Haikali, har ya ɓamɓare zinariyar da shi da kansa ya dalaye ƙofofin Haikali da ita. Sennakerib ya karɓa, sa'an nan ya turo runduna ƙofar Urushalima. Ga alherin da Asa bai samu ba: dabarar Hezekiya ta ƙi aiki. Wani lokaci ƙofar da ta ƙi buɗe maka, jinƙan Allah ne ya riƙe ta.

Amma dubi sauran abin da ya yi. A 2 Tarihi 32 ya yi shawara da shugabanninsa da jarumawansa, ba shi kaɗai a ɗaka ba. Suka toshe maɓuɓɓugan ruwan da ke bayan birni domin maƙiyi kada ya sami na sha. Ya gyara garun da ya rushe, ya gina wani a waje, ya ƙera makamai da garkuwoyi. Ya karkatar da ruwan Gihon ya shigo da shi cikin birni. Wannan hanyar ruwa tana nan har yau a Urushalima, an fafe ta cikin dutse, tsawonta ya haura mita 500, tana kai ruwa tafkin Siluwam, masu ziyara suna bi ta ciki da ƙafa ruwa yana dukan ƙwaurinsu. A 1880 aka gano rubutu a jikin bangonta da ke ba da labarin yadda maginan suka faro daga ɓangarori biyu har suka haɗu a tsakiya. Ka yi tunanin gumin da aka zubar a wannan duhu, da guduma da kurfi. Mai addu'a ne ya sa aka yi wannan aiki.

Da wasiƙar barazana ta zo daga Sennakerib, Hezekiya bai nemi wani Ben-hadad ba. Ya karɓe ta, ya karanta, ya hau Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji. Allah ya amsa ta bakin annabi Ishaya, a dare ɗaya mala'ikan Ubangiji ya kashe mutum 185,000 a sansanin Assuriyawa, Sennakerib ya koma Nineba. Shi kansa Sennakerib ya bar nasa labarin a rubuce a kan yumɓu, ana ajiye da ɗaya a gidan tarihi a Landan. Ya yi fahariya da birane 46 da ya ci, ya yi fahariya da yadda ya tsare Hezekiya a cikin birninsa, amma bai ce ya ci Urushalima ba. Ramin ruwan bai kashe Ba'assuriye ko ɗaya ba, Allah ne ya yi yaƙin. Amma ba inda Allah ya tsauta wa Hezekiya don ya haƙa shi. Haka kuma da ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya juya fuska bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, Ishayan da ya kawo saƙon warkarwar shi ne ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun.

Saboda haka kada wani ya ruɗe ka cewa zaɓi biyu ne, ko addu'a ko dabara. Asa na kwarin Zefata yana da sojoji 580,000 da birane masu garu, Allah bai ga laifinsa ba. Bambancin Asa na sura 14 da Asa na sura 16 shi ne wanda ya fara nema, da wanda ya jingina nauyinsa a kai, da abin da ya yarda ya sayar. Na kuma lura da wani abu da ke ba ni tsoro a kaina: babbar matsala ba ta cika kayar da mai bi ba, domin in mutum miliyan suka taso maka, ka san ba ka da wata dabara sai gwiwa. Matsakaiciyar matsala ce mai haɗari, wadda kake da lambar wayar da za ta iya kashe ta.

Yau da dare, kafin ka kira wannan lamba, ɗauko takardar da ke damunka, ko ta mai gida ce, ko sakamakon gwajin asibiti, ko lissafin bashi. In ba takarda, rubuta matsalar da hannunka. Shimfiɗa ta a gaban Ubangiji yadda Hezekiya ya yi, ka gaya masa har da dabarar da ka riga ka ƙulla a zuciya. In dabarar irin wadda ba za ka iya faɗa wa matarka ko mijinki ko fastonka ba ce, ka riga ka san sunanta. Gobe kuma ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah da ya san kan abin, ku zauna da biro da takarda. In akwai wani Hanani da ka daina gaisarwa domin ya faɗa maka gaskiya, gidansa za ka fara zuwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ga ɗanka, ga 'yarka, da takardunsu a gabanka. Wanda ya riga ya shiga hannun Ben-hadad, ka fisshe shi, ka ba shi ƙarfin halin faɗin gaskiya a gidansa. Wadda ake matsa wa ta je inda sunanka ba ya zuwa saboda rashin haihuwa, ka riƙe ƙafarta, ka share mata hawaye. Marasa lafiya, ka taɓa su, ka kuma ba masu duba su hikima. Ni ma bawanka da na rubuta wannan, kada ka bar ni in sāke ɗaure wanda ka aiko mini. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.